Hunturu a bakin ruwan Dadin Kowa

Daga Bauchi zuwa Gombe babu abin ba da labari sai ƙura. Dadin Kowa tana gabas da Gombe a kan hanyar Biu, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba. Ni da na saba da dam ɗinmu na Gubi, ina hango ruwan nan sai da na yi salati. Kogin Gongola aka tare tun 1984, ga shi ya malale har ido ba ya kai wa ƙarshensa.

Amma duk wanda ya ce maka kifi araha ne a bakin ruwa, bai zo da hunturu ba. Da hantsi kwale-kwale suka riƙa fitowa, kowa da abin da bai cika kwando ba: ƙananan karfasa, kurungu, tarwada jefi-jefi. Giwan ruwa ko ɗaya ban gani ba.

Wani dattijo mai ɗinkin kalli, wato ragar kamun kifi, ya shimfiɗa mini buhu. Na ce, "Baba, ina kifin ya shige?"

Ya ce, "Ɗana, sanyi ne. In ruwa ya yi sanyi kifi ƙasa yake yi ya lafe, ba ya neman abinci. Ka kafa ƙugiya da yamma, da asuba ka tarar da tanarka yadda ka bar ta. Ga iska, in ta taso ƙaramin jirgi ba ya shiga tsakiya."

Ya ce in dawo da bazara, lokacin da ruwa ya ja baya, ya yi ɗumi, kifi ya taru wuri guda. Da ruwan farko na damina kuma tarwada kan bi jan ruwa ta hau fadama yin ƙwai, har da hannu ana kama ta. Wannan kamun ne ke ɓata masa rai, don mai ƙwai ake kwashewa. Ni ma abin ya tsaya mini.

Ya sa aka gasa mini karfasa da yaji, ya kuma rantse ba zai karɓi sisina ba. Dillalai fa? Tun jirgi bai taɓa gaɓa ba sun shiga ruwa sun kama kwando, ko sallama babu. Kuɗin da suka yanka mini kaɗan ya rage ya kamo na kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, alhali na ga abin da suka miƙa wa mutumin da ya kwana cikin sanyi. Wannan ba ciniki ba ne, zalunci ne.

Bandar kifi na saya a hannun wata tsohuwa, ta yi mini gyara mai kyau. Na kwana Gombe, da safe na kamo motar Bauchi.