Ana ƙona gas a banza, mu kuma mun koma gawayi

Duk mai bin hanyar Bauchi zuwa Jos da sassafe ya san motocin da nake nufi. A-kori-kura da manyan motoci an lafta musu buhunan gawayi har sun rinjaya gefe guda, bakin kowane buhu an cusa ganye an ɗaure da igiya, suna hawo tudu da ƙyar suna shigowa gari. Da can jefi-jefi ake ganinsu, yanzu kam kusan kullum ne. Kuma abin da ke cikin buhunan nan bishiyoyi ne da aka sare a wani daji, aka jera, aka rufe da ƙasa aka cinna wuta ta ci kwana da kwanaki, kuma ba wanda ya dasa wata a madadinsu.

Ni ban ga laifin masu saya ba wallahi. Akwai wata dattijuwa a layinmu mai suyar ƙosai da masa, shekarun baya 'ya'yanta suka haɗa kuɗi suka sai mata tukunyar gas saboda tari da idonta da ke yawan ruwa. Kwanaki na je sayen ƙosai na tarar ta koma murhu, tana fifita wuta da murfin roba hayaƙi ya turnuƙe ta. Na ce Inna ina gas ɗin? Ta ce ɗan nan tukunyar tana ƙarƙashin gado, in na cika ta ribar sati ta tafi, gawayi kuwa ko na ɗari biyar ne za a auna min. Me zan ce mata? A 2024 kilo ɗaya na gas ya haura naira dubu, kalanzir ma lita ta wuce dubu, fetur da ake saya ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayu 2023 shi ma ya je ya taɓa dubu bayan cire tallafi. Gas ɗin girki farashinsa dala yake bi, to da naira ta faɗi sai ya tashi sama, talaka ya koma daji.

Maganar ɗumamar duniya ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. In aka ƙona fetur ko dizal ko kwal ko gas, ko aka sare daji aka ƙona, iskar kabon na fita ta taru a sama ta zama kaman bargo, zafin rana ya shigo amma ya kasa komawa duka. Kafin zamanin masana'antu iskar nan wajen kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta wuce 420. A yarjejeniyar Paris ta 2015 ƙasashe sun ce za su yi ƙoƙari kar ƙarin zafin ya wuce digiri 1.5, sai ga 2024 ta zo ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ita kaɗai ma ta ɗan haura wannan layin.

Mu 'yan Jos ai ba sai an karanta mana ba. Garin da ke kan tsauni sama da mita 1,200, garin da baƙo ke zuwa da rigar sanyi ko da wane wata ne, yau a watan Maris da Afrilu mutane na neman fanka mai caji, sauro ya samu wurin zama. Ka je Farin Gada ka zauna da masu kawo dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu ka ji yadda suke kuka da damina, ta makara, ko ta zo ta tsaya, ko ta zubo lokaci ɗaya cuta ta kama ganye gona ta ƙone. Waɗanda suka ga ambaliyar Yulin 2012 a Rikkos da Gangare da Anguwar Rogo ba za su manta ba, sama da mutum talatin suka rasu, Allah ya jiƙansu. Gaskiya ba komai za a ɗora wa sauyin yanayi ba, mun yi gini a hanyar ruwa mun cika kwalbatoci da leda, amma ruwan ma yanzu da ƙarfi yake sauka. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan, a 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri, a 2025 ga Mokwa.

Na san abin da wasu za su ce, ai ba mu muka ɓata ba. Haka ne, Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ake fitarwa ba, Amurka da Turai da Sin su ne da kaso mafi tsoka. Tun 2009 a taron sauyin yanayi na Kofanhagen ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara ga ƙasashe masu tasowa don su tunkari matsalar, aka yi ta jan ƙafa, mafi yawan abin da ya zo ma bashi ne, a 2024 a Baku aka ce za a kai biliyan 300. Wannan hakkinmu ne kuma a ci gaba da nema. Amma akwai wanda yake hannunmu, kuma shi ne yake min ciwo.

A Neja Delta har gobe kamfanonin mai na ƙona gas ɗin da ke fitowa tare da ɗanyen mai, wuta na ci dare da rana a saman bututu, mutanen wurin na shaƙa. Doka ta hana wannan tun 1984, aka yi ta ɗaga wa'adi, yanzu an ce 2030. Bankin Duniya na saka Najeriya cikin ƙasashe goma da suka fi kowa wannan ƙone-ƙone, sama da kubik mita biliyan 5 duk shekara. Na san ba wai tiyo za a jona a cika wa Inna tukunya kai tsaye ba, sai an tara shi an tace an ware na girki daga na wutar lantarki, kuma hakan na cin kuɗi. To amma ai aikin gwamnati kenan, ta sa tarar ƙonawa ta fi kuɗin tarawa tsada, ta kuma tabbatar an karɓi tarar. Yanzu asara biyu muke yi, hayaƙi na tashi a kudu, daji na ƙarewa a arewa, ga matanmu na shan hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida na kashe wajen mutum miliyan 3 a duniya duk shekara.

Takardu kam muna da su. Buhari ya je taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 ya yi alkawarin nan da 2060 hayaƙin da muke fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba, a shekarar ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, aka kuma ce daga 2021 zuwa 2030 shekaru goma ne na gas. Osinbajo ya yi ta faɗa wa Turawa cewa kar su hana Afirka kuɗin ayyukan gas, kuma ina tare da shi, domin da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 su da kansu suka zo neman gas ɗinmu, Jamus ma ta sake kunna tashoshin kwal. E, gas shi ma yana fitar da kabon, ba zan ɓoye ba, amma tsakanin tukunyar gas da sare bishiya mai shekara talatin ba haɗi.

Abin da nake so in gani ba mai yawa ba ne. A wadata kasuwar gida da gas kafin a fitar waje, a sayar da shi da naira, a raba ƙananan tukwane masu kilo uku ko shida a biya kaɗan-kaɗan, a buɗe wuraren cikawa a cikin unguwanni inda mace za ta iya sayen na dubu ɗaya lafiya lau ba a shagon da ke jikin ɗakin kwanan mutane ba. Ƙauyukan da gas ba zai kai ba nan kusa a kai musu murhu mai tattalin itace, maƙeranmu na Dilimi za su iya ƙera shi in an ba su samfur da jari. Su kuma masu yin gawayi kar a tashi da kame kawai, mutum bai bar sana'a sai ya ga wata, a ba su fili da irin bishiya mai saurin girma, wanda ya sare ya dasa.

Wuta ma haka. Tun zamanin haƙar kuza kamfanin NESCO ke samar da lantarki daga ruwan Kurra a nan Filato, ba fetur ba dizal, ga rana Allah ya hore mana. Da za a sa wa kasuwar Taminus da ta Katako sola ta haɗin gwiwa, kowane shago da mitarsa, da yawan ƙananan janaretocin nan da ke hana mu jin maganar juna sun yi shiru, kuma kuɗin man da mai shago ke kashewa a wata ya isa ya biya kuɗin wutar.