Rufin katako a garin gara

Talata da dare.

Sau biyu na yi wanka, amma har yanzu in na sa yatsa a kunne sai ya fito da garin katako. Bari in rubuta abin da ya faru kafin barci ya kwashe ni, don gobe da hantsi Alhaji zai zo jin amsa, kuma ina son lissafin ya zauna wuri guda.

Jiya bayan la'asar ya tsaya da mota ƙofar shago, bai ko fito ba, ya miƙo mini salularsa ta taga. Hoton wani gida ne a cikin duwatsun Turai, an rufe shi da ƙananan fallayen katako, wani bisa wani, a jere kamar gashin bayan zabuwa. Ya ce irin wannan yake so a rumfar hutawa da yake ginawa a garkarsa, can hanyar Mirya. Na ce, "Alhaji, ku ba ni kwana biyu in gwada, kada in yi muku alkawarin abin da ba ni da shi." Ya ce kuɗi ba matsala ba ne. Duk wanda ya taɓa ce mini haka, da kuɗin muka rabu.

Daren jiya sai da na ƙarar da kati wajen kallon injin da ke yin wannan aiki a Amurka da Kanada. Abin ba wani siddabaru ba ne. Ana guntule gungumen icce, tsawon inci 16 ko 18 ko 24, a damƙe guntun a cikin wani keken ƙarfe mai haƙora sama da ƙasa. Keken ya tura shi kan babban zarto mai juyawa, falle guda ya faɗo, keken ya komo. Hikimar tana wajen komowar: kowane zuwa sai inji ya ɗan karkata guntun, yanzu ta sama, anjima ta ƙasa, shi ya sa kowane falle yake fitowa da kauri a gindi, da siranta a kai, kamar bakin gatari. Mutum guda ne ke tsaye yana tarewa, yana gyara gefuna a wani zarton. Na ga hannunsa yana wucewa kusa da haƙoran nan ba ko waiwaye, sai da tsigar jikina ta tashi.

Mu nan Damagaram ba mu da wannan inji, ni dai ban taɓa ganinsa ba ko a Kano. Abin da muke da shi injin tsaga ne mai tebur, sai na gogewa. Na ce in ƙulla dabara in ga ko zai yi.

Da sassafe ni da yarona muka biya wajen masu katako a Kasuwar Dole. Na ɗauki guntayen farin katako, wanda muke kira samba, da guntu ɗaya na jan katako, na haɗa da wani gungumen dogon yaro da ya shekara a bayan shago yana bushewa. Mai katakon yana ta rantsuwa cewa ba laifinsa ba ne tsadar, wai daga kurmin kudancin Najeriya kayan ke tasowa, su kwana Kano, su ƙetaro iyaka, kowane shinge da abin da yake ci. Ban musa ba. Duk allon da na taɓa bugawa ƙusa a rayuwata baƙo ne, ya fi ni yawo.

Muka ɗora a kura sai wajen Baba mai inji.

Baba ya haura saba'in, kuma yatsansa manuni na hannun hagu rabi ne. Ba ya son a tambaye shi. Da na nuna masa hoton, ya riƙe salular nesa da ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wane ne zai ciyar da gara da kuɗinsa?" Na ce Alhaji ne. Ya ce, "To, Allah ya ƙara masa."

Dabarar da na yi: na samo allo madaidaici, na buga masa wata 'yar tsinke a gefe ɗaya yadda in guntun ya jingina da shi zai ɗan karkace. A tura sau ɗaya, a juya guntun kai ya koma gindi, a sake turawa. Wato abin da keken can yake yi da kansa, ni zan yi da hannu. Na yanka guntayen santimita 40 a tsawo, 10 a faɗi, ina neman gindi ya fito milimita 10, kai kuma 2. Baba ya ɗaga zarto har ƙarshen tashinsa, ya sa na tsaya daga gefe, ya ba ni sandar turawa. Ya ce wa yarona, "Kai, koma can bakin ƙofa, nan ba wurin kallo ba ne."

Samba ya bi kamar sabulu. Falle na farko da ya faɗo na ɗauka na jujjuya, wallahi ya yi kyau, fari tas, da ɗumi a jikinsa. Na biyu ya fi na farko. Kafin ƙarfe goma mun tara talatin da 'yan kai, har na fara ganin rumfar a idona.

Sai wuta ta ɗauke.

Zarto ya yi ta juyawa shi kaɗai yana rage murya har ya yi shiru. Baba bai ce uffan ba, ya jawo benci ƙarƙashin bedi, ya aiki yaro ya hura gawayin shayi. A nan ne na ji abin da ya fi aikin yau amfani.

Ashe da ƙuruciyarsa ya yi ci-rani a Sapele, can kudancin Najeriya, garin da har wani jan icce ya ci sunansa. Ya ce a nan ya ga injin da ba ya yin gari ko kaɗan. Ni na ɗauka zolaya ce. Ya ce a'a, wuƙa ce ba zarto ba. Sai an fara dafa gungumen, a jiƙa shi cikin ruwan zafi ko a turara shi har ya yi laushi, sannan a kama shi ta kai da gindi a riƙa juya shi, a matso masa da wata doguwar wuƙa mai tsawon gungumen duka. Sai ka ga icce yana warwarewa kamar ana kwance bandir na shadda, falle ɗaya ba yankewa, har sai an kai ga zuciyar da ba ta fi tabarya ba. Waɗannan fallayen ne ake shafa wa gam, a ɗora wani bisa wani, wannan jijiyarsa ta bi tsawo, na bisansa ta bi faɗi, uku ko biyar ko bakwai, kullum mara, a danne da zafi. Shi ne falankin da nake saye kullum ina yin bayan kabad da shi. Shekara nawa ina ganin layukan nan a bakinsa, ban taɓa tsayawa na ƙirga ba.

Ya ce akwai kuma wani injin da ba ya juya gungumen, sai dai ya riƙa kai shi kan wuƙa yana ɗebe falle-falle, kamar mahauci yana fere nama zai yi kilishi. Wannan na ado ne, sirantarsa ba ta kai milimita guda ba, shi ake liƙa wa fuskar ƙofa ko tebur don a ce jan icce ne alhali cikin ba shi ba ne. Har tsinken ashana, in ji shi, daga irin fallen injin farko ake daddatso shi. Na ciro kwalin ashana daga aljihu na duba tsinke ɗaya: kusurwa huɗu gare shi. Yarona ya karɓa shi ma yana dubawa kamar yau ya fara gani.

Na ce, "Baba, ai cikin falankin da ke shigowa yanzu akwai na okume, wani icce na ƙasar Gabon." Wannan na sani, domin tun 2010 ƙasar ta hana fitar da gungume ɗanye, ta ce sai an sarrafa shi a gida. Baba ya ce sun yi hankali, mai icce shi ya kamata ya riƙe wuƙa.

Sannan ya nuna ƙarƙashin tebur da sandarsa. "Je ka auna abin da ka zubar."

Na je. Tulin garin da ke wurin ya ba ni kunya. Bakin zarton nan yana cin milimita 3 duk wucewa. Falle biyu, ɗaya kai ɗaya gindi, kaurinsu a haɗe 12 ne, amma sai zarto ya wuce sau biyu kafin su fito, 6 ke nan. Cikin kowane 18 da na saya, 6 sun zama gari. Kashi ɗaya cikin uku na katakon da ya ƙetaro iyaka aka biya masa kuɗin mota, matan unguwa ne za su kwashe shi a buhu su dafa tuwo. A ƙasar da icce ya fi mutane yawa wannan ba asara ba ce da za ta hana kowa barci. A nan kuwa, inda manomin Magarya ko Matamai yake kewaye ɗan tsiron gawo da garma don kada ya taɓa shi, inda in ka sare icce mai rai ba takarda 'yan gandun daji za su kwana ƙofar gidanka, ai ko ni da ba kuɗina ba ne sai da na ji zafi.

Na zauna na ƙarasa lissafin a bayan wani falle da fensir. Irin wannan rufi sai ya zama ruɓi uku a ko'ina ruwa bai ratsa ba, don haka cikin santimita 40 kusan 13 kawai ke fitowa rana, sauran suna ƙarƙashin na sama. Murabba'in mita guda zai ci falle wajen 77. Rumfar Alhaji ba ta gaza murabba'i 20 ba. Falle dubu ɗaya da ɗari biyar da wani abu, kowanne ƙusa biyu. Ni kuma na yi talatin da 'yan kai a awa ɗaya da rabi.

Wuta ta dawo bayan azahar. Da na bi ta hankali da na tattara kayana, amma na ce sai na ga yadda dogon yaro zai yi, tunda shi ne namu, kuma gara ba ta cika son ɗacinsa ba. Falle biyu suka fito lafiya, ja-ja, da wari mai kama hanci. A na uku akwai ƙulli a ciki da ban lura ba. Na ji muryar zarto ta sauya, icce ya matse shi, kafin in janye sanda sai ji na yi fuu ta gefen kunnena. Guntun ya tashi ya bi daidai inda yarona yake tsaye da safe, ya sami randar ruwan Baba da ke jikin bango. Ta dare biyu. Ruwa ya malalo cikin garin katako ya zama kunu.

Ba wanda ya yi magana. Baba ya kashe inji, ya dubi randar, ya dubi yaron da ke bakin ƙofa baki buɗe, sannan ya ɗaga mini guntun yatsansa. Bai ƙara da komai ba. Gwiwoyina sai da suka ɗauki lokaci kafin su yarda su ɗauke ni. Na ce zan kawo sabuwar randa ranar Alhamis. Ya ce in zaɓo ta Mirya, ta fi sanyi.

Jan katakon ban taɓa shi ba. Ya koma shago yadda ya zo, zai yi ƙafar kujera.

Kan hanyar gida na bi ta Birni da gangan. Na tsaya gindin wani tsohon soro ina kallon bakin azara da ya leƙo ƙarƙashin indararo. Giginya ce, an tsaga ta bin jijiyarta, ba zarto ba gari, an jera, an shimfiɗa zana, an ɗora ƙasa. Ta girmi ubana, kuma gara ta gwada ta haƙura. Turawan ma, kamar yadda na gani daren jiya, fallen da aka tsaga da hannu ya fi na zarto daɗewa a wurinsu, don zarto yana yanke jijiyar icce ya buɗe wa ruwa ƙofa. Kuma ba kowane icce suke sawa ba, sun fi son wanda ba ya saurin ruɓa. Samba ba ya cikinsu. Damina ɗaya, bazara ɗaya, ya gama.

Tun da hantsi na sa yarona ya ajiye falle uku a kan kwanon shagon Baba, a rana, don gwaji. Da yamma ya hau ya sauko da su. Biyu sun lanƙwashe kamar ɓawon kankana, ɗaya ya tsage daga kai har kusan rabi. Yini guda ke nan, ko ruwa bai taɓa su ba. Su zan fara miƙa wa Alhaji gobe kafin in buɗe baki. In ya ce a yi azara da zana, ko rufin shuci mai kyau irin na bukka, na san wanda zan kira. In kuma ya kafe sai na hoton, zan rubuta masa kuɗin katako da na gari kowanne a layinsa, ya sa hannu.

Sauran fallayen na kawo gida a buhu. Uwargida ta zazzage, ta zaɓi ɗaya mai santsi ta ce ya yi mata mafici, ta ɗauki wani ta tokare ƙafar teburin da ya shekara yana rawa, wanda kullum take ce mini gidan kafinta ne kawai ake cin abinci ana riƙe da tebur. Auta kuwa ta kwashi huɗu ta shige ɗaki. Da na leƙa ɗazu na tarar ta jera su a kan kwalin takalmi, wani bisa wani, ta sa 'yar tsanarta a ciki. Ta ma jera su daidai, gindi a ƙasa.