Kilomita 310 da ƙafa: yadda nake shirin tafiya Santiago a Afrilu

Da na faɗa wa Inna a waya cewa zan yi sati biyu ina tafiya da ƙafa, shiru ta yi tukuna sannan ta ce "ke 'yar nan, ƙasar babu mota ne?" Na ce akwai Inna, har jirgin ƙasa mai gudu akwai, daga nan Madrid awa uku da wani abu ya kai ka Santiago, amma alkawari na yi. Ta ce alkawarin me. Na ce na Baba. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba, sai cewa ta yi Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya, ki rufe kanki saboda sanyi.

Baba ya rasu bara ban samu zuwa jana'iza ba, ta bidiyo na ga an sa shi a ƙasa, kuma tun ranar abin yake tsaye min a ƙirji. Ina aikin kula da wata tsohuwa, kwana shida a sati, ko lokacin kuka mai kyau ban samu ba. Shi ya sa na ce hutun bana ba zan kashe shi a ɗaki ina danna waya ba, zan bi hanyar ibadar nan ta Santiago de Compostela a arewa maso yammacin Sifaniya, inda bisa al'adar coci kabarin Manzo Yakubu ɗan Zabadi yake, ɗan'uwan Yohanna. Sama da shekara dubu kenan mutane na takawa zuwa can. Hanyar da aka fi bi ana ce mata hanyar Faransa, daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port da ke Faransa take tasowa, kusan kilomita 780, wata guda da 'yan kwanaki. Ni ba ni da wata guda. Kwana 14 na tafiya nake da su, saboda haka daga Leon zan fara, kilomita 310 ko kusa da haka, kullum wajen 22.

Toh maganar lokaci ita ta fi cin min rai. Duk wanda na ce wa da bazara zan tafi a gida sai ya ce zafi zai kashe ki, saboda bazarar da muka sani ita ce ta Maris da Afrilu da ko tsakar dare gumi kake a tsakar gida. Ta nan daban ce, fitowa ake daga hunturu, ciyawa na tsirowa, itatuwa na fure, kuma ruwa na sauka yadda ya ga dama. Yankin Galisiya inda Santiago take yana cikin wuraren da suka fi ruwan sama a duk ƙasar, kusan milimita 1,800 a shekara a birnin, ya ninka na Kano har da ɗori. Kuma ba irin namu ba ne da hadari zai haɗo ya zuba awa ɗaya gari ya washe, yayyafi ne da zai iya wuni yana bin ka har ya shiga ƙashi. A Afrilu da safe ma'aunin zafi kan nuna digiri 5 ko 6, da rana ya hau 15 zuwa 17 in an yi sa'a. A kan duwatsu kuma labarin daban ne, Cruz de Ferro mita 1,500 ne, O Cebreiro wajen 1,300, ƙanƙara na iya sauka a can ko a ƙarshen Afrilu, hazo kuwa ba a magana.

Duk da haka na fi son wannan a kan Yuli da Agusta, lokacin zafi ne ga cunkoso kamar ranar kasuwa. A 2024 kusan mutum rabin miliyan ne suka karɓi takardar shaidar kammala tafiyar, kuma 2027 shekara ce mai tsarki tunda ranar 25 ga Yuli, ranar Manzo Yakubu, za ta faɗo Lahadi, jama'a za su ƙaru sosai. Ista ta 2026 ranar 5 ga Afrilu ce, a makon nan duk Sifaniya a kan hanya take kuma kuɗin kwana tashi yake, shi ya sa na bari ya wuce. Litinin 20 ga Afrilu zan ɗaga ƙafa daga gaban babban cocin Leon, in Allah ya yarda Lahadi 3 ga Mayu ina Santiago. Abu ɗaya mai daɗi shi ne rana na daɗewa, sai wajen tara da rabi na dare take faɗuwa, amma gari ma ba ya wayewa sai bakwai ta wuce, dole in riƙe 'yar tocila ta goshi.

Kaya kuwa ƙa'idar da kowa ke faɗa ita ce kada jaka ta wuce kashi goma cikin ɗari na nauyin jikinka. Tawa kilo 7 na yanke mata. Riga biyu masu saurin bushewa, ɗaya a jiki ɗaya a igiya, rigar sanyi ɗaya, rigar ruwa babba wadda ke rufe har jakar, safa ƙafa uku, silifas na wanka, buhun barci mara nauyi. Takalmin na saya tun Janairu ina ta yawo da shi don ya saba da ƙafata, sabon takalmi a hanya irin wannan neman bororo ne da gangan. Man kaɗanya nake shafa wa ƙafa kowace safiya kafin safa, ya fi min basilin. Na kuma ware ɗan ƙullin yaji da garin kwaki, don na san akwai ranar da burodi zai ishe ni.

Wurin kwana shi ne inda na daɗe ina kai da komo. Masaukin masu tafiyar, albergue suke ce masa, ɗaki ne babba da gadaje masu hawa biyu, wani mutum 10 wani har 40 ko fiye, yawanci maza da mata a haɗe, gaskiya wannan ya dame ni da farko sai wata 'yar cocinmu da ta taɓa yi ta ce kowa a gajiye yake zuwa, ki dai nemi gadon ƙasa kusa da bango ki sayi abin toshe kunne saboda minshari. Na gwamnatin Galisiya yuro 10 ne a dare, ba a yin bukin, wanda ya riga zuwa shi ke samu, ana buɗewa ƙarfe ɗaya na rana, a kulle ƙofa goma na dare, takwas na safe kowa ya fita, kuma dare ɗaya kawai ake bari. Akwai na coci da na ƙungiyoyi da ake ba da abin da ya sawwaƙa, amma don Allah wanda zai je kada ya ɗauka kyauta ce, abin da ka saka a akwatin shi ne abincin wanda zai zo gobe, ba na jin daɗi in ji mutum na alfahari ya kwana ya ci bai ba da ko sisi ba. Sai na 'yan kasuwa, wajen yuro 14 zuwa 20, su ana iya kama gado tun daga gida ta waya. Ba a karɓar ka a masaukin gwamnati ko na coci sai da ɗan littafin nan da suke kira credencial, yuro biyu ko uku ne, a ciki ake buga maka hatimi duk inda ka tsaya, kuma a kilomita 100 na ƙarshe hatimi biyu ake so a rana kafin ofishin Santiago ya ba ka takarda.

Zuciyata ta fi son in tafi ba bukin, inda ƙafa ta gaji nan na kwana. Daga Leon zuwa Triacastela haka zan yi. Amma da na zauna da kalanda sai na ga matsala, zan isa Sarria 28 ga Afrilu, kuma Sarria ce garin da mafi yawan mutane ke farawa saboda kilomita 115 ne kawai ya rage, ga shi 1 ga Mayu hutun ma'aikata ya faɗo Juma'a, wato dogon hutu. In ban kama gado ba zan koma tashi ƙarfe biyar ina tsere da mutane don layin masauki, ni kuma ba tsere na zo yi ba, ina son in ja rosarina, wato carbin addu'ata, a natse, in ga coci a buɗe in shiga in zauna. Saboda haka na kama gado a Sarria, Portomarin, Palas de Rei, Arzua da O Pedrouzo. Ya fi tsada amma hankalina ya kwanta.

Ga lissafin yadda na yi shi a bayan wata ambulan. Dare 9 na farko, har da na Leon kafin in fara tafiya, na sa yuro 100, dare 5 na bukin 85, daren Santiago ɗaki ni kaɗai 50 don in yi barci na gaske, kwana ya kama 235. Abinci yuro 20 a rana sau 15, 300 kenan, kuma wannan sai da dabara, saboda farantin masu tafiya da ake sayarwa a gidajen abinci shi kaɗai 13 zuwa 15 ne, don haka rana ɗaya in ci shi rana ɗaya in shiga shago in sayi burodi da kifin gwangwani da ayaba. An gargaɗe ni kicin ɗin masaukan Galisiya sau da yawa murhu ne kawai ba tukunya ba cokali, to cokali da ƙaramin kwano suna jakata. Jirgin ƙasa zuwa da dawowa 80 in na saya da wuri, wanki da kantin magani 45. Duka 660. Na ƙara 100 na ko-ta-kwana, in gwiwa ta ƙi akwai masu kai jaka gari na gaba, har gidan waya Correos na yi, 'yan yuro kaɗan a zango. Tsabar kuɗi ma dole, ƙananan ƙauyuka ba ko'ina ake karɓar kati ba. Wanda zai taso daga gida Najeriya ko Nijar kuma nasa lissafin ya fi wannan nisa, kuɗin bizar Shengen kaɗai yuro 90 ne, ga inshorar lafiya ga tikitin jirgi, ga 'yan'uwa Musulmi kuma a riƙa tambaya kafin a ci, naman alade na shiga har cikin miyar wake.

Ranar da na fi jira ita ce ta huɗu. Zan kwana a Rabanal del Camino, inda sufaye 'yan Benedikt ke rera addu'ar yamma da Latin a wani ɗan tsohon coci, da safe in hau zuwa Cruz de Ferro, gicciyen ƙarfe ne ƙarami a kan dogon gungume, a gindinsa tulin duwatsu da masu tafiya suka ɗauko daga garuruwansu suka ajiye. Na roƙi Yaya ya ɗauko min dutse daga gonar Baba, ta bakin rafi inda yake shuka rogo. Ya ce "ƙanwata dutse kuma? duk tsarabar duniya?" amma ya je ya ɗauko, ya wanke, ya ba wata mai zuwa Madrid a watan jiya. Bai kai ƙwan zabo ba, ja-ja ne irin ƙasar wajenmu. Yana cikin aljihun saman jakar yanzu haka, na auna da shi, kilo 7 da ɗan kaɗan.

Ranar Asabar zan sake fita gwaji a Casa de Campo, babban wurin shaƙatawa na nan Madrid, da jakar a baya, kilomita 20, an ce za a yi ruwa kuma haka nake so don in ga ko rigar ruwan nan na yoyo ta kafaɗa.