Karanta alƙaluman launin fata a Gundumar Loving

Mutum 64 kacal aka ƙidaya a Gundumar Loving ta jihar Texas, Amurka, a 2020. A nan mutum ɗaya ya haura kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Iyali mai mutum biyar su tashi, kusan kashi 8 sun tafi ke nan.

Takardar ƙidayar 2020 tambaya biyu ta yi daban: ko kai ɗan asalin Hispanik ne, sannan launin fatarka. Farar fata ko baƙar fata duk na iya zama Hispanik, shi ya sa wanda ya tara amsoshin biyu yakan wuce kashi ɗari.

Wani abin lura kuma, a 2020 hukumar ƙidaya ta ɗan jirkita ƙananan alƙaluma da gangan don kare sirrin mutane. Saboda haka fara duba yawan kawuna, ka kwatanta da mutum 82 da aka ƙidaya a 2010, kafin ka dogara da kaso.