Abin da muke yi kafin mu ce injin ya mutu

Ƙaramin gareji gare ni, ni da yarana masu koyon aiki, sai wani riwaya da nake kira idan matsalar waya ta yi zurfi. Yawancin motocin da ake kawo mana sun haura shekara 20 a kan titi, kuma da yawansu ba da ƙafarsu suke shigowa ba, janyo su ake yi ko a turo. Mai mota ya sauko yana share gumi ya ce, "Maigida, ta ƙi tashi." Ka tambaye shi me ta yi, ya ce ba ta yi komai ba, ƙi kawai ta yi.

To "ta ƙi tashi" ba cuta ɗaya ba ce. Akwai wadda za ka murɗa makulli ka ji tsit. Akwai mai yin ƙas sau ɗaya ta yi shiru, akwai mai ƙas-ƙas-ƙas a jere. Wata injin zai riƙa juyawa da kyar, wata kuma ya juya garau amma ya ƙi kamawa. Kowane sauti akwai inda yake nunawa. Shi ya sa na kafa wa yarana doka: ba a kwance ko noti ɗaya sai an saurari motar, an kuma yi wa mai ita tambayoyi. Yaushe rabonta da tashi? Tana cikin tafiya ta mutu, ko kwana ta yi aka wayi gari da haka? An wanke injin? Ta shiga ruwa? Sai babbar tambayar da mutane ba sa son amsawa: wa ya taɓa ta kafin a kawo ta nan?

Daga batir muke farawa kullum, ko da mai mota ya rantse cewa sabo ne. Batirin da ya cika, idan ka ɗora masa mita, zai nuna folt 12.6 ko kusa da haka. In ya sauko 12.2, kusan rabin cajinsa ya tafi. Amma wannan awon bai isa ba, domin batir yana iya nuna 12.5 yana zaune, a ɗora masa nauyi ya zube. Don haka sai in sa yaro ya murɗa makulli, ni kuma idona na kan mita. Idan ya faɗi ƙasa da 9.6 yayin da kik, wato na'urar da ke juya injin don ya tashi, ke ja, batirin ya gaji. Wanda ba shi da mita ma yana da hanya: ya kunna fitilun gaba ya murɗa makulli. In fitilun sun dushe sosai, ko dai batir ba ƙarfi, ko kik ɗin ya cije yana jan wuta fiye da kima. In kuwa suna nan tar ba su motsa ba, ga shi kik bai ce uffan ba, wutar ce ba ta isa gare shi, sai a bi fiyus da rile da makullin kansa. A mota mai giyar otomatik a gwada tayar da ita a N maimakon P, domin akwai ɗan makunni a jikin giya da ke hana kik aiki idan ya lalace.

Inda na fi so yarana su tsaya su duba da kyau shi ne kan batir da wayar at, wato wayar da ke haɗa batir da jikin mota da injin. A tsohuwar mota nan ne ɓarna ta fi ɓuya. Za ka ga wani gari fari-fari mai ratsin kore ya taru a kan batir, ka kama kan da hannu ya juya maka ba tare da sifana ba. Wani lokacin daga waje tsaf yake, sai ka cire ka tarar cikinsa ya yi baƙi. An taɓa kawo mana wata mota da aka riga aka saya mata sabon batir da sabon kik a wani wuri, amma tana nan tana ƙas ɗinta. Na sa aka murɗa makulli na ɗan lokaci, na kai hannu kan wayar at inda ta kama jikin injin, sai na ji ta da zafi. Da muka yaye robar, silin tagullar duk sun cinye sun koma kore, 'yan kaɗan ne suka rage suna riƙe. Waɗannan 'yan silin sun isa su kunna rediyo da fitila, amma kik yana jan wuta sama da amfiya 100, ba za su iya ba. Aka sa sabuwar waya, aka kankare wurin har ƙarfe ya yi haske, mota ta tashi bugu ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne kuɗin bawan Allahn nan da aka kashe a kan kayan da lafiyarsu ƙalau. Canza kaya ba tare da awo ba kamar ba mara lafiya magani ne ba a tambaye shi inda ke masa ciwo ba.

Idan injin yana juyawa lafiya amma bai kama ba, abu uku ake nema: wuta, mai, da matsin iska a cikin silinda. Kuma kada a yi ta murɗa makulli babu ƙaƙƙautawa. Daƙiƙa 10 zuwa 15 sun isa, a bar kik ya huce, in ba haka ba a ƙone shi a ƙara wa kai aiki.

Fulogi shi ne ke fara ba mu labari. Ka cire ɗaya ka duba bakinsa. In ya jiƙe yana warin fetur, mai yana zuwa, wuta ce babu, ko kuma man ya yi yawa ya shaƙe injin. In ya bushe ƙayau bayan duk wannan murɗawa, mai ne bai iso ba. Sai a mayar da shi cikin wayarsa, a jingina shi da ƙarfen injin, a murɗa. Wuta mai kyau shuɗiya ce, tana tsalle da ƙara. Ja-ja mai rauni ba za ta kunna komai ba idan ta shiga cikin matsi. A riƙe da fulaya mai roba, a kuma nisanta daga inda fetur ya zuba, don wutar kwayil ta kai dubban folt.

A motoci irin su Peugeot 504 da Volkswagen Beetle, masu distiributa (mai raba wa fulogogi wuta) da foyin (ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa a cikinta), ina jin daɗin wannan aikin, saboda komai a fili yake. Ka buɗe hular distiributa ka haska ciki. Wani lokacin raɓa ce kawai ta kwanta, ka goge mota ta tashi. Wani lokacin za ka ga siririn layi baƙi kamar an ja shi da fensir, tsaga ce, wuta ta samu hanyar gudu. Bakin foyin yana son tazarar kusan milimita 0.4, in ya ƙone ko ya rufe babu wuta, kuma sau da yawa lalacewar kwandansa, 'yar na'urar da ke kare bakin foyin daga tartsatsi, ita ce ke jawo ƙonewar. Idan an taɓa cire wayoyin fulogi, a duba jerinsu. Yawancin injina masu silinda 4 suna bin 1-3-4-2, amma Beetle 1-4-3-2 take bi, kuma wanda bai sani ba zai wuni yana jin tari da harbi ta salansa.

Ɓangaren mai ya danganta da irin motar. Mai kafireta, ka cire matacin iska, ka leƙa maƙogwaronta, ka ja totur da hannu, ya kamata ka ga fetur ya tsartu. In injin ya shaƙe da mai, a danne totur har ƙasa a riƙe, kada a yi ta famfo, a murɗa. Mai injekta kuma, da ka kunna makulli ba ka kai ga tayarwa ba, famfon mai zai yi gurnani na kamar daƙiƙa 2 daga wajen tanki. In ba ka ji ba, fiyus da rile tukuna kafin a sauke tanki. In babu wuta kuma injekta ba sa feshi, zargina yakan tafi kan sansan kiranshaf, wanda ke gaya wa kwamfutar mota cewa injin na juyawa. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket ɗin OBD-II da ake jona na'ura, tana taimakawa ƙwarai, amma hanya take nunawa, sai ka bi wayar da kanka ka tabbatar. Motar da ta yi watanni a ajiye kuma, ka shinshina tankin. Tsohon fetur warinsa kan koma kamar na fenti, yana barin danƙo da ke toshe ƙananan ramukan kafireta.

Masu shan dizal ba su da fulogin wuta. Nasu yawanci hita ce ta mutu, wato fulogin da ke ɗumama silinda kafin a tayar, ko iska ta shiga layin mai sai an fitar da ita.

Sautin da ba na son ji shi ne injin ya riƙa juyawa da sauri fiye da yadda ya saba, sakayau, ba wata turjiya. Galibi belin tayimin, wanda ke daidaita motsin bawul da na fistin, shi ne ya tsinke, kuma a wasu injinan fistin yakan daki bawul ya lanƙwasa shi. A nan ne muke auna matsi silinda bayan silinda. Wadda ta yi ƙasa sai mu ɗiga mata baƙin mai kaɗan mu sake aunawa: in matsin ya tashi, ringi ne suka cinye, in bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Sai mun zo nan nake yarda a yi maganar buɗe injin, kuma nakan kira mai motar ya ga awon da idonsa. In gyaran zai fi ƙarfin abin da motar za ta iya biya masa, ina gaya masa gaskiya, ko da hakan na nufin aikin ya wuce ni.

Kuma ko ta tashi ba ma sallamarta nan take. Mukan mayar da mita kan batir injin na aiki, mu ga 13.8 zuwa 14.4. In ta tsaya a 12 da 'yan kai, altaneta ba ta caji, kuma gobe ko jibi za a sake turo mana ita. Daga nan a kashe, a bari ta huce sosai, a sake tayarwa da sanyinta, sannan in miƙa wa mai ita makulli.