Godiya bayan kwana 19 a gadon asibiti

Alhamdulillahi. Jiya da la'asar aka sallamo mu, Auta ta kwana a ɗakinta. Ni ce dai barci ya gagara, da na rufe ido sai in riƙa jin ƙarar na'urar nan ta gefen gado.

Kun san yadda aka faro, ba sai na maimaita ba. Daren Talatar nan ne ya ƙi fita daga raina. Likita ya riga ya gaya mana garkuwar jikinta ce ke cinye filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Na mai lafiya daga 150,000 suke farawa, nata 6,000. Can sai ta dafe kai ta ce, "Umma, kaina zai fashe." Ta yi amai, ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Hoton CT ya nuna jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Nan na tuna ibuprofen ɗin da na ba ta a gida, ban san yana ƙara zubar jini ba. Wallahi ƙafafuna ƙin ɗaukata suka yi.

Ashe filatilet ba sa ajiyuwa kamar sauran jini, kwana 5 kawai suke yi, sai an nemo masu bayarwa. Ƙarfe biyun dare Abbanta yana ta buga waya, sai mai Keke Napep ɗin da ke yi mana jigilar abinci ya miƙo hannu ya ce, "Hajiya, a gwada nawa." Kafin asuba ya taso samari huɗu daga majalisarsu. Da muka ba shi kuɗin mai, ɓata rai ya yi. Ɗana, ka hana a ambace ka, to na ambata. Allah ya ba ka keken kanka, ya jiƙan mahaifanka.

Yaya Babba, kin sayar da ɗan kunnenki saboda allurar IVIG mai hana garkuwar jiki cinye filatilet, Allah ya musanya miki da na Aljanna. Sista mai aikin dare da ta zauna da ni har aka kira salla, da likitocin jini, da ɗaliban Islamiyya da suka sauke Alƙur'ani, Allah ya tsare muku zuriya, ya raba ku da ganin irin wannan dare.

Dangin da muke gari ɗaya amma sai saƙon murya a WhatsApp, mun ji, mun gode.

Hannun Auta na hagu bai gama ƙwari ba, kuma tana kan firedinisolon, maganin da ke danne garkuwar jiki. Masu zuwa dubiya, don Allah a hana yara wasan kokawa da ita. Ranar Alhamis za mu koma gwajin jini.