Benen 'yan sarƙa uku a Bodie

Daga babbar hanya mai lamba 395 zuwa Bodie mil 13 ne, amma ukun ƙarshe babu kwalta, sai tsakuwa da gargada. Yaya ne ke tuƙi, motar kuma ta haya ce, duk ramin da muka faɗa sai ya yi salati. Garin kufai ne, yana can kan duwatsun gabashin Kalifoniya a Amurka, tudun ya haura mita 2,500. Ina fitowa iska ta fizge min hula, na bi ta da gudu, taku goma numfashina ya ƙare.

Zinariya ce ta kafa garin. A 1859 aka gano ta, kafin 1880 dubban mutane sun cika shi. Gobarar 1932 ta lashe mafi yawan gidajen, a 1962 hukuma ta mayar da ragowar wurin tarihi. Ba sa sabunta komai, tokarewa kawai suke yi kada ya faɗi.

Abin da ya kai ni shi ne benen katako na ƙungiyar taimakon juna ta Odd Fellows, wanda ke manne da otal ɗin bulo na DeChambeau. Thomas Wildey ne ya kafa ƙungiyar a Amurka, a birnin Baltimore, shekarar 1819. Tambarinsu zobba uku ne a sarƙe: abota, ƙauna, gaskiya. Alƙawarin da ɗan ƙungiya ke ɗauka kuwa shi ne duba marar lafiya, agaza wa wanda ya shiga uku, binne mamaci, da ilimantar da maraya.

"Wannan kangon ne ka taso ni tun asuba dominsa?" in ji Yaya.

Na ce, "Yaya, ka dai duba. A sama suke taro, a ƙasa kuma shagon mai shirya gawa ne."

Ƙofa a kulle take. Na kafa goshina a gilashin taga, na kare haske da tafin hannu. Ƙura ta rufe komai, ga tsofaffin kayan motsa jiki a yashe, don daga baya samarin garin sun mayar da ƙasan ɗakin atisaye. Ni dai hankalina na kan benen. Mutumin da ya baro danginsa a wata uwa duniya, kullum yana shiga rami bai san ko zai fito ba, me zai fi damunsa in ba wanda zai ɗauki gawarsa ba? Sai ya riƙa zubi, ya sayi 'yan'uwa.

Muka hau tudun maƙabarta, inda har ƙungiyar masu haƙar ma'adinai ke da nata sashen. Yaya ya daɗe tsaye gaban wani kabari da aka kewaye da shingen ƙarfe, bai ce uffan ba. Sai da muka koma mota, yana neman makulli a aljihu, ya ce, "Kai, tuna min in mun isa gida. Wata uku ke nan ban biya kuɗin asusun jana'izar masallacinmu ba."